Abokin Yayana Ne Dillalin, Ina Jin Nauyin Kawo Bakanike

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Kano, ina zaune gidan iyayena a Rijiyar Zaki. Shekara uku ina zubin adashi, yanzu na haɗa naira miliyan 4 cif. Burina ƙaramar mota, irin guntayen nan masu yankakken baya, don na gaji da tsayuwa bakin titi neman adaidaita sahu, musamman ranar da na tashi aiki da dare. Yayana ya haɗa ni da abokinsa dillalin motoci, ya kawo mini Peugeot 206 otomatik ƙirar 2004, fenti sai ƙyalli. Ya ce ta wata Hajiya ce da ba ta cika hawa ba, ya bar mini ita miliyan 3 da dubu 900 albarkacin Yaya. Na tambayi takardun kwastam, ya ce sun ɓace wajen sauya gida, amma ba matsala. Da na ce zan kawo bakanike ya duba sai Yaya ya ɓata rai, wai ina nufin abokinsa zai cuce ni. Dillalin kuma ya ce akwai mai zuwa da kuɗi ranar Asabar. Ƙawayena na wurin aiki suna cewa me zan yi da wannan gwangwanin, in ci bashi in cika in sayi Corolla. Ban taɓa mallakar mota ba, tuƙin ma hannuna bai gama faɗawa ba. Kaina ya ɗaure, ki ba ni shawara.

Ƙanwarki daga Rijiyar Zaki

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa guminki albarka. Wanda bai taɓa zubin adashi ba bai san nauyin shekara uku ba: ankon bikin da kika bari ya wuce, wayar da kika yi ta lallaɓawa da fasasshen gilashi. Don haka ba zan ja ki da nisa ba. Kada ki biya kuɗin motar nan ranar Asabar. In da gaske akwai mai zuwa da kuɗi, Allah ya sa rabonsa ce. Ni dai tun da nake ban taɓa haɗuwa da dillalin da ba shi da wani Alhaji mai zuwa gobe ba. Motoci ba su ƙare a Kano ba, kuma ba za su ƙare ranar Asabar ba.

A wasiƙarki abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fushin Yaya. Ke kina jin nauyinsa, shi yana jin nauyin abokinsa, abokin kuma sana'arsa yake yi, la'adarsa yake nema. Ban ce macuci ne ba. Wataƙila shi ma bai san abin da ke cikin motar ba, don dillalai da yawa labarin da mai mota ya ba su suke maimaitawa, su ƙara masa gishiri. Wannan Hajiyar da ba ta cika hawa ba, kusan kowace mota ta hannu a garin nan tata ce. In ba ita ba, to wani likita ne da ya samu aiki a Saudiyya yake gaggawar tafiya.

Yaya da kansa, in zai sayi ragon layya a hannun amininsa, sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya danna gadon bayansa, ya sa a ja shi ya taka ko yana ɗingishi. Ba a taɓa cewa an ci mutuncin mai rago ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ta ce a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu idan an yi ciniki, ba ta cire aboki ko ɗan'uwa ba. Malamai kuma sun yi bayanin cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, in ya ɓoye mai saye yana da damar mayarwa. To amma ki hango ranar mayarwar. Giya ta tsaya bayan sati uku, kin ce a dawo miki da kuɗinki, aboki ya ce ai ya riga ya miƙa wa Hajiya, Hajiya kuma ta tafi Umara. Abotarsu ta lalace, ke da Yaya kun koma gaisuwar sama-sama, mahaifiyarku tana tsakiya tana ba kowa haƙuri. Ɓacin ran yini ɗaya da zai yi saboda bakanike ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Mu ajiye Yaya tukuna, mu yi lissafi. Idan kika biya, dubu 100 za ta rage miki. Ita kuwa mota ta hannu, duk kyanta, watanta na farko sai ta buɗe baki. Za ki yi canjin mallaka, ki sabunta lasisin mota da takardar lafiyarta. Inshorar dole, wadda ke biyan wanda kika yi wa ɓarna, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun watan Janairun 2023, kuma ki tabbatar ta gaske ce, don ana buga ta bogi. Za ki yi juye, ki canza filtar mai da ta iska da fulogogi, domin ba ki san yaushe aka yi na ƙarshe ba, kuma maganar mai sayarwa a kan wannan ba abin jingina ba ce. Sau da yawa batir ya kusa mutuwa, an dai caje shi don ranar gwaji. Ga tayoyi. Ga abin kashe gobara da jak da safaya taya da alamar tsayawa, waɗanda jami'an hanya za su tambaye ki. Ga lasisinki na tuƙi. Tayoyi biyu sababbi da batir kaɗai sun isa su lashe dubu 100 ɗin nan, ko lita ɗaya ba ki zuba ba. Ƙa'idata ita ce, a ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a manta da shi. Ke nan motar da za ki nema kada ta wuce miliyan 3. Na san wannan magana ba daɗi, don tana nufin mota mai ɗan kwarzane a jiki, ko wadda ba ta ƙyalli. Ƙyallin ma ai shi ya kamata ya sa ki tambaya. Motar 2004 ta haura shekara 20 a duniya. In kika gan ta tana sheƙi kamar amarya, an sake mata fenti ne, kuma sai a ji dalili: rana ce ta cinye na farkon, ko haɗari aka rufe?

Ba a littafi na koyi wannan ba. Motata ta farko Golf ce, tsohuwar nan da ake yin haya da ita. Wani ɗan'uwa ne ya kawo dillalin har gida, gab da magariba, injin da ɗuminsa. Muka zaga unguwa minti biyar, na ji daɗin rediyonta, na biya duk abin da na mallaka. Kunya ta hana ni cewa a bari sai da safe. Sati biyu bayan nan, a titin Zariya wajen Na'ibawa, tururi ya turnuƙe daga bonet, masu adaidaita sahu suna ta yi mini hon kamar ni na ƙera ta. Gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Da bakanike ya buɗe sai ya tarar lagireto ya toshe da tsatsa, an cire tamostat mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, fitilar gargaɗin inji kuma an zare ƙwanta don kada ta tona asiri. Ba ni da kuɗin gyara. Wata huɗu motar tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, awaki suna shan inuwa a gindinta, ni kuma ina wuce ta kowace safiya in je in tari abin hawa. Ƙarshe sai da 'yan kunnena suka tafi. Shi ɗan'uwan nawa har yau in mun haɗu a taron suna sai ya sunkuyar da kai, alhali ba shi ya cire ƙwan ba.

Batun takardu kuwa, a nan ba ni da sassauci. Kalmar "ba matsala" ta dillali ba ta aiki a shingen kwastam. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa, amma kowa ya san 'yan Kwatano ba su daina biyowa ta daji ba. Motar da ba a biya mata haraji ba, in aka tare ta a hanyar Kaduna ko ta Katsina, wanda ke riƙe da makulli shi ke asara, ba wanda ya shigo da ita ba. Gaskiya ne akwai tsofaffin motoci na halak da takardunsu suka ɓace, gobara da sauya gida suna faruwa. Amma in haka ne, Hajiyar tana nan da ranta, sai a kai ki wurinta. Ki ga shaidar mallaka da sunanta, ki ga katin shaidarta, ki ga tsofaffin lasisin motar na shekarun baya. Lambar casis mai harufa da lambobi 17 da ke jikin motar ta dace da wadda ke takarda, ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin da aka buga ta kada ya nuna alamar goga ko walda. Idan an kawo takardar kwastam daga baya, ana iya zuwa ofishinsu na Bompai a tantance. Dalili na biyu ya fi na haraji tsanani: motar sata. Wanda aka kama da ita shi zai fara kwana a ofishin 'yan sanda yana bayani, kuma ke ma'aikaciya ce mai suna da za ta kare. Ranar biya kuma, ko wace mota ce, ki tura kuɗi ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke takarda, a rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, Yaya ya zama ɗaya daga ciki. Ga motar farko, a hannun mace mai dawowa gida da dare, ra'ayina shi ne wadda takardunta ba su cika ba a bar ta ko da rabin kuɗi ce.

Ita kanta 206 ɗin ba ni da gaba da ita. An fara ƙera ta a 1998, ta yi farin jini, ba ta shan mai, tana da daɗin juyawa, kuma Arewa ta saba da Peugeot tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, don haka masu gyaran Fijo, kamar yadda muke cewa, ba su da wuyar samu. Amma tana da halaye da ya kamata ki sani. Giyarta ta otomatik, wadda ake kira AL4, ita ce babban abin tsoro. Idan ta fara gajiya ba ta nuna hali da sanyi. Sai an yi tafiya ta ɗauki zafi sannan ki ji ta buga, ta maƙale a giya ta uku, motar ta koma jan ƙafa. Zagayen unguwa na minti biyar ba zai taɓa nuna miki wannan ba. Taimin ɗinta bel ne na roba, ba sarƙa ba, in ya tsinke inji na tafiya sai bawul su lanƙwashe, gyara ya koma na buɗe inji. Duk wanda ya sayi irinta, canza bel ɗin nan yana cikin aikin makon farko. Akwai kuma akwatin lantarki da ake kira BSI, mai kula da fitilu da makullai da waifa, wanda ba ya shiri da ruwa, ba ya shiri da mai gyaran waya mai yanke-yanke. Sannan ki tsaya ta bayanta ki kalli tayoyin baya. In kika ga samansu ya karkata ciki kamar ƙafar mai gwame, ƙarfen da ke riƙe su ya ci, wani kuɗin ne. Da 206 mai giyar hannu aka kawo miki da cikakkun takardu, da na ce a duba a yi ciniki. Otomatik mai shekara 20 da babu wanda ya san tarihinta, kan duk abin da kika mallaka, a'a.

Yadda ake duba mota, wannan ko wata, ga shi. Bakaniken ya zama naki, ke kika nemo shi, ke za ki biya shi kuɗin yininsa, kuma kada ya san dillalin, don akwai masu karɓa ta baya su ce lafiya lau. Ya zama mai gyaran irin motar, domin a Kano aikin a rabe yake, na Fijo daban, na motocin Japan daban, na Jamus daban. Ki tambayi direbobin asibitinku, su suka san wanda hannunsa ke da kyau. A je da safe, da hasken rana, kafin kowa ya tayar da ita. Ki ɗora tafin hannunki a kan bonet, in da ɗumi an riga ku. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: wahalar tashi, ƙara, hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa na nufin ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga wani abu kamar shayi mai madara, gaskit ne, ku yi sallama. Ki murɗa makulli ba tare da kin tayar ba, duk fitilun dashbod su kama, in ta tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, ki tuna da ƙwan Golf ɗina. A jona mata na'urar kwamfuta, yanzu garejoji da yawa suna da ita.

Daga nan a hau titi, aƙalla rabin awa, da esi a kunne. A shiga cunkoson Kabuga ta sha tsayuwa, a fita baifas ta sha gudu, idonki a kan allurar zafi. Motar da ba ta iya riƙe sanyinta da esi ba, watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40 za ta kunyata ki. A kashe rediyo, a bi ta kan tudun rage gudu a saurari ƙafafunta. A murɗe sitiyari har ƙarshe a juya a hankali, in kin ji ƙas-ƙas-ƙas shaf ne. A hau da ita rami a leƙa ƙasanta don ganin walda da yoyo da tsatsa, a kuma duba ko abin tace hayaƙin nan na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, yana nan, don ana cire shi a sayar. Ki ɗaga kafet ki shinshina. Busasshen taɓo a ƙarƙashin kujera ko warin danshi alama ce ta motar da ambaliya ta shanye. Lambar tafiyar da ke dashbod kada ta ruɗe ki, ana mayar da ita baya. Robar birki da ta kuloci da fatar sitiyari da kujerar direba sun fi ta gaskiya: Hajiyar da ba ta hawa ba ta cinye robar birki har ƙarfe. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba.

Abu ɗaya da masu sayen ƙananan motoci ke yawan faɗawa ciki: juyayyen sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, motocin Japan da Ingila kuwa sitiyarinsu a dama yake, don haka sai a yanke a mayar da shi hagu. Wani aikin yana kyau, mafi yawa ba ya kyau, kuma sitiyari da birki ba wurin gwaji ba ne. In kika ga an rubuta Vitz a bayan mota maimakon Yaris, ta kasuwar Japan ce, a bincika. Sandar sigina a dama, mabuɗin bonet a ɓangaren fasinja, dashbod mai alamar yanka, duk suna tona asiri.

Da ni ce ke da kuɗin nan, Toyota Yaris zan fara nema. An fara ta a 1999, injinta na fetur sarƙa ke ja ba bel ba, tana jure sakaci fiye da 'yan'uwanta, kuma in kin tashi sayarwa ba ta kwana. Sai dai a kiyayi mai giyar nan ta MMT, wadda ba ta hannu ba ce kuma ba cikakkiyar otomatik ba, makanikanmu ba su cika gane kanta ba. Honda Jazz tana da fili a ciki fiye da yadda ido ke zato, amma ta farkon fulogi takwas gare ta ba huɗu ba, giyarta ta otomatik kuma tana da nata man na musamman, in aka zuba mata na gama-gari an kashe ta. Kia Picanto da Hyundai i10 sun fi kowa tsimin mai, jikinsu ne dai ba nauyi. Pontiac Vibe da tagwaininta Toyota Matrix, waɗanda suka cika titunanmu, injin Corolla ne a cikinsu mai lita 1.8, sun fi tsayi daga ƙasa, amma sun fi shan mai kuma farin jininsu ya sa sun yi tsada. Kafin ki tsayar da rai a kan kowace, ki ɗauki ƙaninki ku je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Ki tambayi kuɗin shakazoba, da famfon mai, da fitilar gaba, da giyar irin motar. In mai shago ya miƙo hannu ya ɗauko, mota ce ta zama. In ya ce sai an aiko daga Legas, ki sake tunani.

Ƙawayenki kuma, Allah ya bar zumunci, amma ba su za su biya bashin ba. Corolla mota ce ta ƙwarai, ba mai musu. Sai dai wadda za ki samu da bashi za ta zo da nata buƙatun watan farko, ga cirewar albashi kowane wata, in bashin mai ruwa ne ga wata damuwar ta daban. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, har ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tun lokacin manyan motoci nawa aka lulluɓe da tamfol a gidaje, masu su suna hawa babur? A gwajina, ƙaramin inji mai lafiya yana ba da kilomita 10 zuwa 12 a lita ɗaya a cikin gari. Ki auna nisan gida da asibiti, ki lissafa na wata, ki kwatanta da abin da kike ba masu adaidaita sahu. Kada ki yi mamaki in kika ga motar ta fi tsada idan an haɗa da gyara. Yawanci haka ne. Abin da kike saya shi ne ki fito daga aiki ƙarfe tara na dare ki kulle ƙofa ki tafi gida, ba tare da tsayuwa a bakin titi ba, kuma wannan ya cancanci kuɗi. Gwangwanin da suke rainawa shi zai shiga lungun Mandawari ya juya, shi zai samu wurin tsayawa a Kantin Kwari ranar da mai babbar mota ke zagaye. Kuma ke sabuwar direba ce. Za ki goga gini, mai adaidaita sahu zai goge ki, wannan ba baki na yi miki ba, kowa ya bi ta nan. Gara hannunki ya faɗa a kan motar da kwarzanenta ba zai hana ki barci ba.

Tana da iyakarta, kada in ɓoye miki. Gajeriya ce. In ruwan Agusta ya cika titi, kada ki bi sahun manyan motoci, don in inji ya zuƙi ruwa ya gama yawo. Ki tsaya ya janye, ko ki sauya hanya. Da hunturu ƙura tana toshe filtar iska da wuri, a riƙa dubawa. A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba na rijiya ba, kuma duk bakaniken da ya ce zai cire miki tamostat saboda nan ƙasar zafi ce, ki ce ya bar miki kayanki, cirewar ƙara shan mai take yi. A babbar hanya iskar tirela tana girgiza ta, don haka tafiyar Zariya ko Kaduna ki bari sai kin yi watanni a cikin gari. Ki kammala makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, ki je da kanki a ɗauki hotonki da zanen yatsunki, kada ki ba wani kuɗi ya kawo miki lasisi gida. Jami'an hanya na KAROTA da VIO ba ruwansu da cewa jiya kika fara.

Sai kuma abin da ba bakaniken da zai duba miki: 'yan aro. Ranar da motar ta shigo gida ta zama ta kowa. Ƙani zai je ɗaurin aure Wudil, Yaya zai ɗan kai saƙo, ranar kai amarya za a cusa mata mata bakwai da akwati. A dawo miki da ita tanki a bushe, da wata sabuwar ƙara da babu wanda ya san lokacin da ta fara. Ki kafa doka tun ranar farko, a gaban mahaifiyarku, cikin raha: asibiti da larura ko tsakar dare ne za ki kai kowa da kanki, amma makulli ba ya barin jakarki. In kika bari sai an saba sannan kika hana, rowa za a kira shi. Ki kuma tanadi inda za ta kwana tun kafin ta zo, in gidanku ba ya shigar mota, don ɓarayin batir ba sa hutu.

Mu koma kan Yaya. Kada ki yi masa maganar a gaban abokinsa, kada kuma ta waya. Ki same shi bayan ya ci abinci, ki ce: "Yaya, na gode da ɗawainiyar da kake yi a kaina. Ban zargi abokinka ba, shi ma ba shi ya hau motar ba. Kuɗin nan su ne duk abin da na tara, ina tsoron in wani abu ya faru ya shiga tsakaninku. Ina so kai ka jagoranci dubawar, mu je tare da bakanike, ka kuma sa ya haɗa mu da mai motar." Kin mayar da shi mai tsaron kuɗinki maimakon mai tsaron mutuncin abokinsa, kuma yawancin yayye wannan matsayin suka fi so. In ya ƙi sauraro, ki bi ta wurin Baba ko Umma, su san yadda za su faɗa masa. Ki kuma gaya wa dillalin, ta bakin Yaya, cewa kuɗinki miliyan 3 ne, kina son mai cikakkun takardu, in ya samo wata la'adarsa tana nan. Mai neman halak zai ce a kawo bakanike goma. In kuwa ya fara cewa makulli yana wurin yaro, ko Hajiya ba ta son a dame ta, ki yi masa godiya, ki bar shi da mai zuwa ranar Asabar. Ke kuma Asabar ɗin ki tafi Ƙofar Ruwa da takarda da biro.